Mai Mashin Ɗin Ya Koma

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Rukayya a Maiyama ba. Ko da ma na so in manta, mutanen gidan ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban gama sanin wanda ya kamata in fi jin haushinsa ba, ni ko Ɗanjumma dillali. (Ina ganin Ɗanjumma ne. Amma mai yiwuwa ina da son kai a ciki, don haka bari in ba da labarin yadda ya faru.)

Da farko dai ya kamata ku san irin mutumin da nake. Ni ne wanda in ya sayi maganin mura sai ya karanta takardar da ke cikin kwalin tun daga sama har ƙasa kafin ya sha. Ni ne wanda ke kulle ɗaki, ya kai bakin titi, ya dawo ya girgiza kwaɗon. A jami'a abokaina “Sai-an-duba” suke ce mini. Ban faɗi wannan don yabon kai ba. Na faɗa ne don ku gane cewa abin da ya same ni bai kamata a ce ni ya samu ba. Akwai mutane a Jega da ke sayen mashin kamar yadda ake sayen rake, su hau su yi gaba, ba abin da ke samunsu.

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Aliero, ina kwana gidanmu a Jega. Kullum da safe ina cikin motar haya, an matse ni tsakanin mutane da buhunan albasa. In na shiga aji yara ba sa cewa komai, amma ina ganin na gaba suna ɗan ja da baya. Ga kuma maganar Rukayya, wadda muka haɗu a gidan ƙanwar babata, magana har ta fara ƙarfi. Sai na ga lokaci ya yi da zan mallaki abin hawa. Sabo ya fi ƙarfina, don haka na nufi Ɗanjumma, dillalin mashin da ke zama a wata rumfa kusa da kasuwa.

Allah ya sani na yi bincike. Na kai bakanike ya saurari injin, na sake kai wani don kada na farkon ya zama sun haɗa baki. Na duƙa da fitilar waya na gwada lambar inji da wadda ke takarda, harafi bayan harafi. Na duba taya, na duba birki, har man injin na shafa a yatsa na shinshina, ko da yake ban san ƙamshin da ya kamata in ji ba. Wanda ya kawo mashin ɗin wani saurayi ne mai suna Sale, ba ya son haɗa ido da mutum. Da na tambaye shi sai ya ce mashin ɗin “na gida ne”. Takardu kuwa cif suke, sai dai sunan da ke kai: Garba Altine, Kuberi.

Na ce wa Ɗanjumma, “To ina shi Garba Altinen? Ina ganin zai fi kyau ya sa hannu a canza suna, in ba damuwa.”

Ya ce, “Ya koma.”

“Ya koma ina?”

“Can inda yah hito mana, Malam.”

Na ce a raina, to, Kuberi ke nan, ai ba nisa. Na ce, “Yaushe zai dawo?”

Ɗanjumma ya ɗaga hannu sama ya ce, “Wanga kam sai Allah.”

Ku duba min wannan magana don Allah. Ku sake dubawa. Ni da na yi shekaru ina karatu, har na rubuta kundin bincike, na tsaya na saurari amsoshin nan uku na gyaɗa kai, na biya kuɗi, na tura mashin zuwa gida ina murna.

Ba wai na share maganar canjin suna ba ne. Na je ofishin da ake yi, aka ce sai in zo da mai tsohon suna, ko takardar sayarwa da ya sa wa hannu. Na koma wajen Ɗanjumma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kullum amsa ɗaya: bai dawo ba tukuna. Ranar da na dame shi da yawa ya ajiye goron da yake ci ya ce, “Malam, wallahi ka cika wahal da kanka. Duk mashunan ga da kaka gani cikin garin ga, wane na da sunan mai hawanai? In an tare ka, ka ce kai na Garba. Takarda magana takai?”

Na yi masa wa'azi a wurin. Na ce ni ba na ƙarya, musamman ga hukuma. Na ce in an tare ni zan yi bayani dalla-dalla, duk mai hankali zai fahimta. Na ma tsara bayanin a kaina, da gabatarwa da kammalawa, ina maimaita shi a hanyar Aliero kullum. (Ku riƙe wannan wa'azin, za mu dawo kansa.)

Ana cikin haka Rukayya ta aiko cewa babanta ya ce in zo ya gan ni ranar Asabar, bayan azahar, kafin ya zauna karatun la'asar. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani kawai shi ne malami ne, shi ke limancin unguwarsu, kuma ta ce abu ɗaya ne ba ya yafewa da wuri: a yi masa ƙarya. Na ce mata ai ta wannan fannin ba ni da matsala. Ta kwatanta min gidan: bayan masallaci ƙarami, ƙofa koriya, da bishiyar darbejiya a gaba. Abokina Bashiru ne zai raka ni, amma da safe ya bugo waya daga Aliero cewa ranar ake cire musu albasa, ba zai iya barin gona ba. Na sa farar shaddata, na fesa turare, na ɗaure ƙullin goro da dabino a bayan mashin, na kama hanya ni kaɗai.

Dab da shiga Maiyama na tarar da jami'ai sun tare hanya suna duba takardu. Ba su yi wa kowa rashin mutunci ba, aikinsu suke yi. Amma a gefe na hangi wani ɗan kabu-kabu an ajiye mashin ɗinsa, yana ta rantsuwa cewa na yayansa ne, ana ce masa to ya kira yayan. Na kalli rana, na ga ta fara karkata. Na hango kaina a gefen hanya da farar shadda har la'asar, ana ce mini in kira Garba Altine. Na hango Malam yana duba hanya yana cewa yaron nan tun yau ya fara saɓa alkawari.

Jami'in ya karɓi takarduna, ya duba, ya ɗago kai. “Kai ne Garba Altine?”

Na nemi bayanin nan nawa mai gabatarwa da kammalawa, na rasa ko kalma ɗaya. Sai na ji bakina ya ce, “Ni ne, yallaɓai.”

Da ma a nan na tsaya. Ba wanda ya tambaye ni, amma don in ƙara wa ƙaryar ƙarfi sai na ɗaga murya na ce, “Na Kuberi.”

Ya miƙo min takarduna ya ce in wuce. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce a raina ashe Ɗanjumma ya san duniya.

Ina ƙoƙarin tayar da mashin sai wani dattijo ya taso daga gindin bishiya, siriri, da farin gemu da carbi a hannu. Ashe shi ne fasinjan ɗan kabu-kabun da aka tsare. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon mashin ɗin, ya kalle ni, ya sake kallon mashin ɗin.

“Yaro, wane suna naj ji ka faɗi?”

Jami'in yana nan kusa, yana jinmu. Na ce, “Garba Altine, Baba.”

“Allahu akbar,” in ji shi. “To Garba, ko ka rage mini hanya zuwa cikin gari?”

Ni ban saba ɗaukar wanda ban sani ba, amma ba a cewa dattijo a'a. Ya hau. Na lura da abu ɗaya a lokacin, sai dai ban ba shi ma'ana ba: akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin kujerar baya da ke tokarar duk wanda ya zauna, Bashiru kullum sai ya yi ƙorafi. Dattijon nan tun kafin ya zauna ya goce masa, kamar wanda ya san wurin.

Muka fara tafiya a hankali. Sai na ji muryarsa a kunnena.

“Garba, yaushe kad dawo?”

Na ce, “Ai yau ɗin nan, Baba.”

“Ikon Allah. Ya can ɗin?”

“Lafiya lau, alhamdulillahi.”

“Babu zahi?”

Na ce, “To, akwai ɗan zafi kam, amma dai da sauƙi. Ana haƙuri.”

Na ji carbinsa yana ƙara. Can ya ce, “Tambayoyin fa? Sun yi maka?”

Na ɗauka jami'an hanya yake nufi. Na ce, “Sun yi, Baba. Ai ba su tsananta ba. Suna kawai suka tambaya, suka ce in wuce.”

“Suna kawai?” in ji shi. “Lallai kai an yi maka rahama. Mu ba haka munka karanta ba.”

Na yi dariya don ladabi, ban gane komai ba. Ina ta jin daɗi ma cewa na iya hira da dattawa, alama ce mai kyau ga inda za ni.

Ya riƙa nuna min hanya: bi nan, karya dama, wuce masu faci. Ni kuma ina lissafin in na sauke shi zan tambayi gidan Liman. Sai muka zagaya bayan wani ƙaramin masallaci. Sai ga darbejiya. Sai ga ƙofa koriya.

Ya ce, “Tsaya nan.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na kama birki na tsaya. Na fara addu'a a zuci Allah ya sa maƙwabci ne, ko baƙo, ko mai kawo saƙo. Sai wasu magidanta biyu suka fito daga zaure da sauri, suka rusuna suna cewa, “Sannu da dawowa, Malam,” ɗaya ya karɓi jakarsa.

“Sauko ka sha ruwa, Garba,” in ji Malam. “Ka sha tahiya mai nisa.”

Na bi shi kamar wanda aka ɗaure da igiya. Zauren cike yake da manyan ɗalibansa da dattawan unguwa, kowa da littafinsa a gaba, ana jiran karatu. Malam ya zauna a buzunsa, ya gyara rawani, ya nuna ni.

“Jama'a, ku yi ma Garba Altine na Kuberi maraba. Ya dawo.”

Wani tsoho da ke kusa da ƙofa ya ce, “Inna lillahi,” ya janye ƙafarsa daga kusa da tawa.

Malam ya ci gaba, murya a kwance, ko murmushi babu. “Ni na yi mai salla bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan. Da hannuna na sa shi kabari. Yau ga shi ya ɗauko ni bisa mashin nai. Ya ce can akwai ɗan zahi amma da sauƙi, kuma suna kawai anka tambaye shi.”

Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Sauran ba su ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ni kuwa a lokacin ne maganar Ɗanjumma ta faɗo min gaba ɗayanta. Ya koma. Can inda ya fito. Dawowarsa sai Allah.

Har zuwa wannan lokaci akwai sauran mafita guda, ko da yake ba ta mutunci ba ce. Malam bai san ni ne baƙon da yake jira ba. Zan iya ba da haƙuri, in fice, in dawo wani makon da wata riga da wata hula, in yi fatan idonsa ba shi da ƙarfi. Ina cikin auna wannan sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Cikin gaggawa, wajen kashewa na danna amsawa, na kuma danna lasifika.

“Ka iso kuwa?” in ji Rukayya. “Na ji kamar Baba ya dawo. Don Allah kada ka makara.”

Muryar ta fito daga wayar, ta kuma fito daga bayan katangar zauren, a lokaci guda.

Malam ya dubi bangon. Ya dubi wayar. Ya leƙa waje ya dubi ƙullin goron da ke bayan mashin. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

“Kai na malamin makarantar da ɗiyata tac ce bai iya ƙarya ba?”

Na durƙusa. Na faɗi sunana na gaskiya da na mahaifina. Sai ga bayanin nan nawa da ya gudu a gaban jami'i ya dawo cif, da gabatarwarsa da komai, lokacin da ba shi da sauran amfani. Na ce a iya fahimtata, kuma mai yiwuwa na yi kuskure, dillali ne ya nuna min kamar mai mashin ɗin yana raye. Na ce ba ɗabi'ata ba ce, ko da yake ba zan musa cewa na aikata ba. Na ce “a wani ɓangaren” ya fi sau nawa, har Malam ya ɗaga hannu.

Shi ya warware min sauran. Garba Altine manomi ne, kuma shi ke ɗaukar Malam a wannan mashin ɗin duk lokacin da aka gayyace shi ɗaurin aure ko suna a Kuberi. Ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, wasu ƙanana. Da aka zo rabon gado, Malam aka kira, aka nemi mashin aka rasa. Babban ɗan, Sale, ya ce ya kai gyara Jega. Tun lokacin rabon ke tsaye ana jiran bakanike ya gama.

“Ka ga,” in ji Malam, “abin da kaka hawa akwai haƙƙin marayu ciki. Wanga ba laihinka ba ne, ba ka sani ba. Amma sunan, kai kaɗ ɗauka da bakinka, har da ƙarin gari.” Ya sa aka turo mashin ɗin cikin zaure aka jingine. “Ni ba ni ba mamaci ɗiyata. Tahi. Ranar da kat tashi da sunanka, ka dawo mu yi magana.”

Goron ma ba a karɓa ba. Da shi na koma Jega a motar haya, a cinyata, kusa da buhun albasa.

Washegari na dira a rumfar Ɗanjumma, ina huci. Na ce masa ya cuce ni, ya sayar min da kayan mamaci, ya sa na zubar da mutuncina a gaban surukina.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Malam, tsaya. Mi nac ce maka?”

“Ka ce ya koma!”

“To bai koma ba?”

“Ka ce can inda ya fito!”

“Daga ina munka hito dukanmu? Malam, kai ka yi boko. Ni ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Kai dai kac ce kai na Garba.”

“Ba kai ka ce in faɗa ba?”

“Kuma ba ka yi mini wa'azi ba? Ni na ɗauka ba ka faɗi.”

Wannan amsa ita ce har yau ke hana ni sukuni. Mutumin da ya shirya komai ya fita bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ni da ke karanta takardar maganin mura ni ne maƙaryacin labarin. Makanikan da ke wurin har suna ba shi gaskiya.

An ɗauki makonni kafin a warware. Rukayya ta yi kwanaki ba ta ɗaukar wayata, da ta ɗauka kuma ta kasa magana don dariya, wanda ni a ganina bai dace ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Jega da Maiyama da Kuberi a motar haya. Dangin marigayin suka zauna, Sale ya amsa abin da ya yi, aka lissafa mashin ɗin cikin rabonsa, magada suka amince da cinikin suka sa hannu. Na kai ofis aka canza suna. Ranar da na karɓi takardar na karanta sunana a kai har sai da ma'aikacin ya tambaye ni ko akwai kuskure.

Na koma gidan mai koriyar ƙofa, wannan karon da Bashiru da kawuna. Na miƙa wa Malam takardar da hannu biyu. Bai ko buɗe ta ba.

Ya ce, “Mi sunanka?”

Na faɗa.

“Ka tabbata?”

Na ce, “Ina ganin… na tabbata, Malam.”

A ranar aka karɓi goron.

Yanzu Rukayya na ɗakina, mashin ɗin na ƙofar gida, takardunsa na cikin leda a cikin wata ledar. Amma a Maiyama ba wanda ke kirana da sunan da na sha wahalar dawo da shi. Da na tsaya a gindin darbejiya ƙannenta za su leƙo su sanar da cikin gida: “Marigayi ya iso!” Tsohon nan na bakin ƙofa kuwa duk haɗuwarmu sai ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko har yanzu da sauƙin zafin. Malam shi kaɗai ke kirana da sunana, kuma na lura yana ɗan jinkirtawa kafin ya faɗa, kamar yana ba ni damar in canza.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ku duba inji, ku duba taya, duk yana da kyau. Amma in dillali ya ce muku mai abu ya koma, kada ku tashi daga wurin sai ya faɗi sunan garin da bakinsa, da motar da ake hawa a je, da kuma ko ana dawowa.